Ƙudan Ɗantsoho Mai Jan Kai

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Marusa ta Katsina shekarar da soja suka tattara suka koma bariki ya san Ɗantsoho, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji da gemu har wuya, kuma Allah Ya hore masa baki. In ka ce ka taɓa shiga jirgin sama, shi ya taɓa tura wanda ya ƙi tashi. In ka ce kanka na ciwo, nasa ya fi naka tsanani, kuma shi ya warkar da abinsa. A da direba ne a wani kamfanin gyaran injinan ruwa, yana tuƙa wani Bature injiniya zuwa dam. Kamfanin ya naɗe tabarmarsa zamanin soja, Baturen ya koma ƙasarsu, aka bar Ɗantsoho da labari.

Tun daga nan aiki ya gagara. Tuwon gidansa daga allurar matarsa Iklima yake fitowa, ita ke ɗinkin huluna ana kai mata Babbar Kasuwa. Abin nan yana cin ran Ɗantsoho ƙwarai, ko da yake ko yanka shi za a yi ba zai faɗa ba. Duk sanda ya sa hannu a kwano sai ya ji kamar unguwar gaba ɗaya ta leƙo tana kallonsa.

Ana nan sai mulkin farar hula ya dawo, aka zaɓi Hadi kansila. Hadi ɗan unguwa ne, a gaban Ɗantsoho ya yi rarrafe. Lokacin neman ƙuri'a ya yi alkawarin haƙa tafkin kiwon kifi a mazaɓarsa, wai don Katsinawa su huta da cin bandar da ta gaji da tafiya a mota. Wata rana da la'asar ya zo majalisar da ake zama a ƙofar gidan Gwaggo Rakiya, ƙanwar mahaifin Ɗantsoho, don ya yi godiya. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiyar zaɓe da zafin gari, sai ya ce zai yi walima in an rantsar da shi, kuma yana cigiyar wanda ya san kan kifi, wanda za a damƙa wa tafkin da albashinsa na wata-wata.

Kalmar albashi ita ta ɗaga Ɗantsoho daga kan benci. Ya gyara hula, ya shafa gemu, ya ce ai neman ya ƙare, don Baturen nan bai koma gida ba sai da ya juye masa ilimin kifi kaf. Ya ce masu sa tana a ƙugiya duk 'yan koyo ne. Bature ƙugiya yake ɗauka tsirararta, ya ɗaura mata gashin tsuntsu da zare har ta koma kamar ƙuda, ya ɗiga gam a kan ƙudan don kada zaren ya warware, ya wurga a ruwa. Kifi kuwa har layi suke yi, wani na ture wani. Gaskiyar magana, Ɗantsoho ya ga Bature na yin haka. Amma daga cikin mota ya gani, gilashi a rufe, yana ɓarar gyaɗa.

Babaji, ɗan Gwaggo Rakiya, wato taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barinsa ya sha ruwa da daɗi, ya ce, "Kai da ko a randa ka faɗa sai an tsamo ka, yaushe ka zama Sarkin Ruwa?"

Ɗantsoho ya ce, "Mi ka sani kai? Iyakar tahiyarka nan Batagarawa, bakin gari, ita ma amai ka yi a mota."

Aka yi dariya. Hadi dai sabon shiga ne, bai iya cewa a'a ba tukuna. Ya ce, "Kawu, in ka ciyar da walimata da kifin hannunka, tafki naka ne." Ɗantsoho ya buga ƙirji ya ce a faɗa wa Gwaggo, tunda ita ce mai girkin walimar, kada ta kuskura ta sayi ko ƙafar kaza. Mai kawai za ta nema, da kasko mafi girma a birnin Katsina.

Washegari aka shiga neman gashi. Da zakaran Iklima ya fara. Ya ritsa shi a bayan murhu ya tsige masa wuya tas, zakara ya fito kamar ungulu, ya yini bai yi cara ba don kunya. Sai ya tuna wai ƙudan Bature yana da ɗigo-ɗigo, ya shiga gidan Gwaggo ya bi zabbinta da gudu har ya kifar mata da tukunyar daddawa. Daga nan ya hango talo-talon Babaji yana baza jela a lungu. Ya lallaɓa ta baya ya finciko guda, talo-talo ya juyo, ashe ba ya wasa. Mutanen da ke dawowa daga masallaci suka ga Ɗantsoho ya ranta a na kare, hula a hannu, riga na tashi, tsuntsu na saran dugadugansa. Kafin mako ya zagayo, kajin unguwa in sun ji takun takalminsa sai su haye katanga. Mata suka yi ta aiko da ƙorafi, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai aikin gwamnati ne, kuma duk mai kaza zai samu kan kifi.

Zare kuma bai je ko'ina ba, kwandon Iklima ya buɗe ya kwashe mata masu kyan launi, waɗanda take ji da su. Da ta yi magana ya ce ta yi haƙuri, saura ƙiris ta ajiye allura har abada, sai dai ta riƙa yi wa mata labari.

Ya baje a zaure ya yi ta naɗi. Abin da ke fitowa ba za ka ce ƙuda ba, ba za ka ce fara ba, wani ma ya fi kama da guntuwar tsintsiya, amma shi a wurinsa kowanne sai an yi masa kirari. Matsala ɗaya ce. Da ya saki bakin zaren sai ya warware, gashi ya zube. Nan ya tuna 'yar kwalbar da Bature ke tsoma tsinke a ciki. To wane gam ne a kwalbar? Bai sani ba, kuma ba zai tambaya ba, don wanda ya ce an juye masa ilimi kaf ba shi da bakin tambaya.

Ya tafi wurin Mati mai faci ya karɓo sholisho, gam ɗin nan da ake liƙe tayar keke da shi. Ya ce abin da ya riƙe taya a kan kwalta ai ba zai kasa riƙe gashin zabo ba. Don kada a saci fasaharsa, ya rufe ƙofar zaure ruf, ya toshe 'yar tagar da tsumma, ya buɗe gwangwani ya duƙa a kai. Ba a daɗe ba Iklima ta ji maigida yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Can ta ji yana ba ƙudaje umarni su sauka daga rufi. Da ya buɗe ƙofa ya fito yana tangaɗi, akuyar Gwaggo ya fara cin karo da ita, ya rusuna ya ce mata Onarabul, ya tambaye ta ya aka ji da jama'a.

Kafin magariba labari ya kai har unguwar Kambarawa, wai Ɗantsoho da gemunsa ya fara shaƙar sholisho kamar 'yan tasha. Dattawa suka zo da safe suka zaunar da shi suka yi masa nasiha mai ratsa jiki, suka ce rashin aiki jarrabawa ce, ba a magance ta da wannan. Gwaggo ta yi kuka ta ce ɗan'uwanta bai bar mata abin kirki ba. Ƙudajen kuwa sun manne da juna sun zama dunƙule guda baƙi, mai warin garejin babura.

Wani zai haƙura. Ɗantsoho cewa ya yi sholisho gam ɗin talakawa ne, shi ya sa. Ya sayo sufa-gulu, wanda mai shago ya rantse masa ko ƙarfe da ƙarfe yana haɗawa. Bakin abin ya ƙi buɗewa, ya soka masa allura ya matsa da ƙarfi, gam ya yi tsartuwa ya wanke masa yatsu da ƙudan da ke hannunsa. To shi mutum ne da ba ya tunani sai ya shafa gemu. Ya kai hannu ya shafa. Da ƙyar da ruwan zafi da salati ya ɓamɓare yatsunsa, bai lura ƙudan ya yi zamansa a gefen gemu ba, ƙugiya da komai.

Haka ya fito majalisa. Ya zauna ya fara bayanin yadda zai tsara ma'aikatan tafki, wa zai ɗauka, wa zai kora. Babaji ya ƙura masa ido, ya taso a hankali yana sanɗa, ya ce kada ya motsa, ga wani mugun ƙwaro nan. Kafin Ɗantsoho ya buɗe baki ya ji tas a kumatu, har hularsa ta faɗi. Babaji ya ja hannu, hannu ya ƙi dawowa, don ƙugiya ta cafke bakin hannun rigarsa. In ya ja, gemu ya biyo. In Ɗantsoho ya ja da baya, riga ta biyo. Haka suka ratsa unguwa zuwa gidan wanzami a manne, Babaji na gaba da hannu a miƙe, Ɗantsoho na biye a karkace kamar ragon da za a kai kasuwa, suna tafe suna zagin kakannin juna, waɗanda kuma kakanni ɗaya ne.

Wanzami ya duba ya ce ba dabara sai aska. Aka kwashe gefe guda na gemun da aka yi shekaru ana tattali. Ɗantsoho ya dubi madubi, idonsa ya kawo ruwa, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce jama'a su shaida, ƙudan da ya ruɗi mutum mai 'ya'ya har ya kai masa mari, ina ga kifi?

Babaji ya ce, "Ni na san ba ƙuda ba ne. Marin ne na daɗe ina nema."

Da ya koma gida Iklima ta dube shi da rabin gemu, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da ta nutsu sai ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar kwalba. Jan farce ne, ƙanwarta Fadila ta manta da shi da ta zo daga Kaduna, ita kuwa Iklima ba ta taɓa shafawa ba, lallenta ya ishe ta. Ta ce ga shi da ɗan burushinsa, yana bushewa da wuri, ko zai gwada.

Ɗantsoho ya ji kamar ta zage shi. Ya karɓa ya dangwala wa kan wani ƙuda don ya nuna mata muninsa, ya ɗaga shi sama ya ce ta duba, wannan ai ƙudan 'yan daudu ne. Ya wurga shi cikin gwangwanin da yake tara ƙudaje ya ce, "Ni in kai wa gwamnati aiki da kayan kwalliyar mata? Abin da malamai suka ce ko ruwan alwala ba ya ratsa shi? Babu albarka a wanga abu."

Nan take kuma dabara ta faɗo masa, har ya tafa hannu. Ƙaro! Gam ɗin iyaye da kakanni, wanda ake tsinkowa a jikin itace, babu wari, babu maye, ba ya cin gemu. Ya ce da shi malamai ke haɗa tawada, a rubuta a allo ya kama ram, in an zo wankewa kuma ruwa na taɓa shi ya saki ya bi ruwan salin-alin a sha, tsabar albarka.

Iklima ta ce, "To Malam, ai shi ƙudan naka cikin ruwa..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya ce ita da iyakar saninta da ruwa randa da buta, kada ta koya masa aikin da Bature ya yaye shi a kai. Ta koma kan hularta.

Ya je Babbar Kasuwa ya zaɓo ƙaro mai haske kamar zuma, ya jiƙa, ya dama da kauri. Wannan karon kam abu ya yi kyau, ba ƙarya. Ya ɗiga wa kan kowane ƙuda da tsinke, ya jera su a faifai a rana, suka bushe suna ƙyalli, ka ja gashin da ƙarfi ba ya motsi. Har Babaji da ya leƙo bai samu abin kushewa ba, abin da ba a saba gani ba. Da Ɗantsoho ya ga haka sai ƙaro ya zama maganin komai. Ya tuna sandar Bature gunduwa-gunduwa ce ake haɗawa, don haka ya samo gora ya yanka, ya zura wannan cikin wancan, ya naɗe mahaɗin da zare ya dulmiya su da ƙaro. Sanda ta fito doguwa har ba ta shiga zaure sai an karkata.

Ranar walima da sassafe Hadi ya zo da bas. Majalisa duka ta shiga, da buhuna da manyan robobi na zuba kifi. Gwaggo ta riga ta kafa murhu a ƙofar gida, mata na ta yankan albasa, ta ce su yi sauri kada mai ya ƙone. Ɗantsoho ya zauna gaba, sanda ta fito ta taga, gwangwanin ƙudaje a cinya. Duk tsawon hanya yana ba direba shawarar yadda ake tuƙi.

A bakin dam suka tarar da masunta zaune kusa da kwale-kwalensu suna gyaran taru. Aka yi musu sallama, Ɗantsoho ya ce su matso su ga yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, kallo kyauta ne. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura ƙuda, ya ce kowa ya ja baya. Ya kaɗa sanda baya kamar yadda ya ga Bature na yi, ya kaɗo gaba da iyakar ƙarfinsa. Wani abu fari ya wuce ta saman kansa ya faɗa ruwa. Sabuwar hular Hadi ce, wadda ya ɗinka musamman don rantsuwa.

Ɗantsoho ya yar da sanda a cikin ruwan gaɓa, ya kutsa har gwiwa ya kamo hular, ya matse ta, ya miƙa wa Hadi da hannu biyu ya ce wannan gwajin iska ne, dole a yi shi. Hadi ya karɓa ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Sandar kuwa tana kwance a ruwa duk tsawon bayanin, har sai da wani masunci ya nuna masa ita da baki.

Jifa na biyu ya sauka daidai. Ƙuda ya zauna a kan ruwa gwanin sha'awa, kowa ya zuba ido. Can sai aka ga gashi ɗaya ya rabu ya kama hanyarsa. Wani ya bi shi. Zare ya warware a hankali ya miƙe. Ɗantsoho ya ja, ƙugiya ta fito tsirara kamar ranar da aka saye ta. Ya ce kun gani ko, kifin nan yunwa gare su, sun tsotse shi kafin ya ankara. Ya ɗaura wani ya jefa. Haka. Ya sake. Haka. Rana ta ɗaga, zufa ta karyo masa, fuskar ruwa ta cika da gashi kamar an fige kajin biki. Babaji ya tsuguna a gaɓa yana nunawa da yatsa, wai ga zabuwar Gwaggo can, ga zakaran Iklima, ga talo-talonsa nan ya wuce, Allah Ya kiyaye hanya.

Wani dattijo cikin masuntan ya tambaya cikin ladabi, da me aka liƙe kawunan? Ɗantsoho ya ce da ƙaro, mai kyau kuwa, irin na tawadar malamai.

Babaji ya dafe kai ya ce, "Ashe ba kamun kifi muka zo ba. Rubutun sha ka kawo musu."

Dariya ta ɓarke, har direba sai da ya kwanta a kan bas. Ɗantsoho bai ji ta ba sosai, don maganarsa ta tsakar gida ce ta dawo masa a kunne, ruwa na taɓa shi ya saki ya bi ruwan. Da bakinsa ya faɗa. Ya dubi Hadi, ya ga yana kallon agogo. Ya hango albashin nan yana tafiya kamar gashin da ke kan ruwa, ya hango kansa gobe a gaban kwanon Iklima, da rabin gemu. Tsoro na gaske ya kama shi.

Ya leƙa gwangwani. Saura guda a ƙasa, mai jan kai. Ya juya wa jama'a baya ya ɗaura shi a ɓoye, yana karewa da tafin hannu kamar mai kunna ashana a iska. Ya yi bisimilla ya jefa.

Ƙuda ya zauna. Aka jira gashi ya watse, bai watse ba. Ruwa ya kaɗa shi, ya nutse ya taso, jan kansa na nan daram. Babaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ruwa ya yi wata irin tafasa, wani baki mai faɗi ya taso ya haɗiye ƙudan. Zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe. Masuntan da kansu suka miƙe tsaye, ɗaya ya ce rabon da ya ga irin wannan tun kafin a yi juyin mulki na ƙarshe.

Ɗantsoho ya dawo Ɗantsoho. Ya turje ƙafa a laka ya ce a kawo babbar roba, a'a, a kawo buhu, a faɗa wa Onarabul ya shirya takardar aiki. Ya ce da Babaji ya matso ya ga abin da ake kira ilimi. Yana cikin faɗin haka ya ji sanda ta yi sauƙi. Mahaɗin sama, wanda ya sha ruwa ya ƙoshi tun ɗazu, ya zare sumul. Ya kai hannu zai cafko, na tsakiya ma ya zare. Aka bar shi riƙe da guntun gora kamar muciya. Ya yi tsalle ya bi sauran, ya faɗa ruf da ciki cikin laka, ya taso baƙi ƙirin, ido kawai ke haske. Kan sandar kuwa ya miƙe tsakiyar dam yana tsaga ruwa, kifi na jansa, har ya ɓace.

Aka kamo hanyar gida a bas, robobi wayam suna gwaruwa da juna. Sun iso sun tarar unguwa ta cika, an shimfiɗa tabarmi, mai na ƙauri a kasko. Gwaggo ta leƙa buhu ta leƙa roba, ta dubi ɗan ɗan'uwanta daga sama har ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce a bi gida-gida a kamo duk tsuntsun da Ɗantsoho ya taɓa, tunda dai an riga an fara fige su, Hadi ya ce shi zai ji da masu su. Aka yanka zabbi da kaji da talo-talon Babaji, har da zakaran Iklima. Gwaggo ta sa aka ajiye kujera 'yar tsugunno a tsakiyar fili, ta dire wa Ɗantsoho bahon ruwan zafi, ta ce wanda ya fara aiki shi ke ƙarasa shi.

Haka Ɗantsoho ya zauna a gaban manyan baƙi, laka na bushewa a jikinsa, yana figa. Duk wanda ya wuce sai ya ce sannu da aiki Sarkin Ruwa. Da aka ci aka sha, Hadi ya zo ya tsuguna kusa da shi ya rage murya, ya ce Kawu ya yi haƙuri, maganar tafki ya riga ya yi ta da dattijon nan na bakin dam. Ɗantsoho ya gyaɗa kai. Karo na farko a tarihin Ƙofar Marusa, aka yi masa magana bai ba da amsa ba.

Washegari bai fita majalisa ba. Ya zauna a tsakar gida a inuwar ɗaki, gidan shiru babu cara. Iklima ta kawo masa koko ta ajiye, ya kasa kai hannu. Ta zauna da kwandonta, ta ɗan jima tana ɗinki, sannan ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, wai an ce guda ɗaya ya riƙe har kifi ya kama, wanne ne?

Ya kau da kai ya ce, "Mai jan kan."

Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta laluba kwando ta ciro ƙudan nan da wanzami ya yanko, har yanzu da guntun gemu a jikinsa, ashe ta adana shi. Ta juya shi a haske ta ce ita dai ta duba naɗin zaren nan, babu inda ya hau kan wani, hannunsa ya fi bakinsa iya aiki. Dillalinta na ta neman ƙarin huluna, ita kaɗai ta kasa. Ta ɗauko wata da aka zana ba a fara ba, ta soka allura a jiki ta ɗora masa a cinya.

Ɗantsoho ya dubi hula, ya dubi ƙofar zaure ko akwai mai leƙe. Ya ce shi fa ba don komai ba, don dai ya taimaka mata ne, kuma a sani ko a wajen Bature ya ga yadda ake irin wannan. Ta ce ta sani. Ya zura zare ya fara, a hankali, harshe a waje. Da ya kai ƙarshen layin farko, wanda ya fito a miƙe har shi kansa ya yi mamaki, sai ya riƙe bakin zaren yana nazari. Hannunsa ya tafi neman gemu ya tarar da gefen wayam.

Ya ce, "Nan wurin, da za a ɗan ɗiga mashi ƙaro..."

Iklima ta ce, "Malam, ita ma hular ana wanke ta."

Ya dubi hular. Sannan ya ƙulla zaren yadda ta nuna masa, ya sa haƙori ya datse, ya jawo kwanon koko ya sha.